Bayan Baba a Bangon Gidan Rediyo

Na shiga aikin gidan rediyo ina budurwa, na fito gwiwoyina suna ƙara in zan tashi daga kan sallaya. Har yanzu in na buɗe baki a kasuwa ina tayin albasa sai wani ya waiwayo ya ce ya san muryar nan, daga nan kuma sai tambaya: wane babba na yi hira da shi, wace sanarwa ce ta fi girgiza ni. Nakan yi murmushi in ce suna da yawa. Gaskiyar ita ce na manta su, kuma ban yi kewarsu ba. Abin da ya zauna mini a rai ginin ne, a ginin ma bango guda. A jikin bangon nan ne kaɗai siffar mahaifina ta rage a duniya, kuma na ƙarar da ƙuruciyata ina fama da mahaifiyata ta zo ta gan shi.

Tsohon gini ne, an yi shi tun Birnin Kebbi ba ta zama babban birnin jiha ba, lokacin da yawancin shirye-shirye daga Sakkwato ake karɓo su, a ƙara da gaisuwa da sanarwar rasuwa da labarin inda ruwan fadama ya kai. Wanda ya tsara shi ya so ya gamsar da kowa. Aka yi harsashi da dutsen marmara da siminti saboda masu son zamani, aka ɗora ginin ƙasa a kai saboda masu son gargajiya, sai ga gida da bai yi kama da ofis ba, bai kuma yi kama da gidan kowa ba. Kaurin bangonsa ya isa mutum ya miƙe a bakin taga ya yi barcin rana, kuma an sha yi, ni shaida ce. Kowace kusurwa da zankonta, kowane gefe da indararonsa. Mashigarsa zaure ne sosai mai tulluwa, bakan gizo ya taso daga kusurwoyi ya haɗu a tsakiya, inda aka manna farantin tangaran mai shuɗin baki. A bayan wannan duka eriya ta miƙe sama, ƙarfe tsirara, shamuwa na sauka a kanta da damina.

Fuskar ginin wani magini ne ya yi mata ado da yaɓe, irin wanda zane ke tasowa daga jikin bango. Ya yi dagi manya a hagu da dama, ya yi igiyoyi masu sarƙewa suna zagaye ƙofa, duk wannan aikinsa ne na yau da kullum. Sai aka ce masa a saman ƙofa a sa makirfo, don duk wanda ya zo ya san abin da ake yi a gidan. Bawan Allah bai taɓa ganin makirfo ba. Aka kwatanta masa: abu ne mai kai, da mariƙi, ana kai shi baki. Ya ce ya gane. Da aka sauke tsani sai ga ludayi, ƙato, ba ko tantama. Dattijo ne, ba wanda ya iya ce masa ya sake, haka ya zauna. Har ranar da aka rushe gidan, in ka tare ɗan kabu-kabu ka ce gidan rediyo, sai ya tambaye ka, “Sabo, ko na ludayi?”

Mutanen ƙauye masu kawo sanarwa sukan tuɓe takalma a bakin zauren. Mun gaji da cewa ba masallaci ba ne, ba kuma fada ba ce. Su ce sun ji, su tuɓe. A can ƙuryar zauren akwai ƙofar ciki, ƙarama, wadda ke kai ka wani siririn lungu, a ƙarshensa ɗakin watsa shiri. Ɗakin ba taga, ƙofa biyu ce a jere, an bi bangonsa da tabarmin kaba don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Da tabarmin suka ruɓe aka maye su da kwalayen ƙwai. Akwai jar fitila a saman ƙofa, in ta kama kowa ya kama bakinsa, ban da jemagun da ke cikin azara da tattabarun da ke kan rufi, waɗanda ba su taɓa sanin doka ba. Na sha karanta sanarwar rasuwar mutum tattabara na guɗa a kaina. Warin ɗakin kuwa, na kashin jemage da tsohon kaset da zufar wanda ya riga ka zama, har gida nake zuwa da shi a mayafi.

Bangon da nake magana yana cikin zauren, hannun dama in ka shigo, daga ƙasa har inda tulluwa ta fara. Wani Bayarabe ne ya zana shi da fenti, haifaffen garin nan, mai rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. An ce masa ya zana masu sauraro, sai ya ɗauko kwarin Rima gaba ɗaya ya ɗora a bango. A tsakiya ga tsamiya, an rataye akwatin rediyo a reshenta. Daga hagu matan Zauro suna sheƙar shinkafa, ga manomin albasa ya dafa rumbu, ga malami da littattafansa a kan buzu, ga 'yar kudu da ƙunshin atamfa a kai, ga makaɗi ya ɗaga hannu bai kai ga sauke shi ba. Daga dama ruwa ya fara, da kwalekwale, da masunta da gorunansu. Ruwan shuɗi ya yi shi fes, alhali duk wanda ya taɓa wanka a gulbinmu ya san launin kunun kanwa ne, amma ba wanda ya yi ƙara. Kowa a bangon nan ya juyo da fuskarsa wajen rediyon, baki a ɗan buɗe, kamar sunansa ake karantawa. Mutum ɗaya ne kawai ya ba rediyon baya. Yana can ƙarshen dama, dab da ƙofar waje, tsayinsa tsayin mutum, ruwa ya kai masa gwiwa, homarsa ta kamun kifi a hannun hagu, gora a ƙarƙashin hammata, ya nufi tsakiyar gulbi. Ma'aikata kan ce shi kaɗai ne mai hankali a cikin masu sauraronmu.

Ranar da na zo neman aiki aka zaunar da ni a benci a zauren in jira. Ina bin bangon da ido don rage fargaba, daga masu shinkafa zuwa malami zuwa kwalekwale, har na kai ƙarshe. Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Ƙeyar nan mai ninki. Tabon ƙugiya a ƙasan allon kafaɗa, wanda nake sa yatsa a ciki ina ƙarama in Baba ya zauna cin tuwo. Ban san sadda na sauko daga bencin na zauna a ƙasa ba. Maigadi ya zaci yunwa ce, ya kawo mini ruwa a moɗa. A lokacin Baba ya shekara biyu ko uku da rasuwa.

Mu mutanen Argungu ne, masunta gaba da baya. Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ko lokacin bikin kamun kifi, da masu ɗaukar hoto ke cika gari suna bin masunta, shi juyawa yake yi ya kama gabansa. Wani malami ya taɓa yi masa bayani a kan surar mai rai, shi ke nan ya riƙe. Ba mai yawan magana ba ne, Inna ma haka. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tana miƙa masa akushi ƙasa take kallo. Ni ma da nake 'yar fari ba ta kiran sunana, “ke” ce ni har yau da furfurata. Duk abin da ke tsakaninsu wanda na taɓa gani da idona abu ɗaya ne. Kullum da safe in ya dawo daga masallaci ya saɓa homa, sai ta bar abin da take yi, ta zo ta tsaya a ƙofar ciki ta zaurenmu, rabin jikinta a bayan bango, ta bi bayansa da kallo har ya kai ƙofar waje. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, “A dawo lahiya.” Ba ya waiwayowa. Yakan ɗaga hannun dama kaɗan, ya fita.

Safiyar da ya rasu zazzaɓi ya kwantar da ita. Ya leƙa ya ga barci ya ɗauke ta, ya hana mu tashe ta, ya fita. Kafin azahar abokan sunsa suka kawo shi gida. Ba ruwa ne ya ci shi ba, zuciyarsa ce ta tsaya yana jan raga. Na faɗi wannan ne don mu Kabawa ba mu son a ce ruwa ya ci namu. Inna ta yi takabarta, ta ci gaba da hidimarmu, ba ta taɓa ɗaga zancen safiyar nan ba. Amma na lura ta daina bi ta ƙofar ciki da safe. In tana son wani abu a zaure sai ta aiki ɗayanmu, ko ta jira rana ta ɗaga.

Da na kama aiki na nemi mai zanen. Na same shi a shagonsa bayan tasha, ya tsufa, fenti ya ci faratansa, Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa ko ni 'yar wace ce. Ya ajiye burushi.

“Ke ɗiyar bahagon ga ta? Allah shi jiƙan shi. Mutumin ga ya wahal da ni. Na tai Argungu neman masunta, shi yaƙ ƙetare da ni gulbi. Nic ce, Malam, tsaya in zana ka. Yac ce, huskata ba ta bango ba ta. Nir roƙe shi, nir roƙe shi. Sai yad ɗauki homatai yac ce, in baya na yi maka amfani ga shi nan, ba ruwana da abin da ban gani. Yash shiga ruwa. Ni ko niz zamna bakin gaɓa niy yi ta zane.”

Na tambaye shi, da ɗan zafi, me ya hana shi juyo da shi a bango tunda ya ga fuskar da idonsa. Ya dube ni ya ce, “Ya hana ni, ɗiyata.” Na koma ofis ina jin haushin su biyun. Wasu suna da hoton ubansu a falo da babbar riga da hula, ni nawa rabon ƙeya ce. Safe da yamma ina wucewa ta gabansa, wani lokaci in gaishe shi a zuci, wani lokaci in ce masa, da ka waiwayo sau ɗaya me zai ragu a jikinka? Tsofaffin masunta in sun kawo sanarwa su ba ruwansu da wannan. Suna tuɓe takalma suna ɗaga ido sai su ce, “Kai, ga bahago!” Su yi masa addu'a, su zauna a ƙarƙashinsa su jira a kira su.

Ranar da na fara gaya wa Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

“Inna, ki zaka ki gani. Shi na wallahi, har tabon.”

“Ke, ji min magana. In tai gidan gwamnati in tsaya cikin mutane ina kallon namiji?”

“Mijinki na, Inna.”

“Shi yas sa.”

Daga nan muka shiga wasan da muka yi ta yi har na tsufa. In na ce mu je, ta ce bari a yanke shinkafa. In an yanke, bari a cire albasa. In an cire, zafi ya yi yawa. In damina ta sauka, hanya ba kyau. Ta zo Birnin Kebbi ba adadi, suna da biki da asibiti, ta kwana a gidana, ta bi ta gaban gidan rediyon a mota ta juya kai tana kallon masu rake a ɗaya gefen. Amma duk sadda na je Argungu, bayan an gama gaisuwa an ci abinci, sai ta tambaya tana kallon wani wuri, “Ginin naku na nan?” In ce yana nan. Ta ce, “To madalla.” Da waya mai hoto ta zo na ɗauko mata shi na miƙa mata. Ba ta duba ba, ta kifa wayar a kan tabarma ta ce, “Mutum guda cikin wanga ɗan abu? Ba a sa mutum aljihu.” Na mai da wayata jaka.

Ginin kuwa yana ta tsufa tare da mu. Ginin ƙasa yana son hannu kowace shekara, a bi rufi da yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo. Mu kuma shugabanni muke samu masu son abin da za a tara mutane a buɗe, ba wanda ake tafa wa don ya toshe yoyo. Kowane sabon shugaba da abin da yake zuwa da shi. Wani ya bi fuskar ginin da koren fenti, dagi da ludayi duka. Wani ya fasa bango ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ta yi ta ɗiga a jikin ƙasa har wurin ya zube, ita kuma ta mutu. Wani ya jingina janareto da bayan zaure, girgizarsa ta tsaga tulluwa, wata rana farantin tangaran ya faɗo ya tarwatse a gaban mai kawo sanarwar ɓatan akuya. Zanko ɗaya ya karye, ba a mai da shi ba. Na yi ta magana a taro har aka sa mini suna uwar gini, in na ɗaga hannu sai ka ga maza suna duba agogo. Daga baya na gaji na yi shiru, na koma in hadari ya haɗo in ɗauko bokiti in ajiye a gindin bangon.

Sai aka kawo mana wani shugaba matashi, ɗan gidan malamai, mai kunya da tsafta, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ba zan ce mugu ne ba, don ba mugu ba ne. A zauren ake sallah in ruwa ya hana fita, shi kuwa abin ya tsaya masa a rai, a ta da kabbara ga fuskoki jere a bango. Wata safiya na iso na tarar da mai fenti a kan tsani da gwangwanin farin fenti. Ya gama da matan Zauro, yana kan malami. Jikinsu yana nan, faifansu yana nan, fuska kawai ake bi ana shafewa, a bar kowa da farin ƙwai a kan wuya. Na shiga ofishin shugaban ko sallama ban ƙarasa ba.

“Ranka shi daɗe, mi anka yi muna haka?”

“Hajiya, zamna. Ban ce a taɓa aikin ba. Huskoki kawai za a shahe, don mu samu yin sallah da natsuwa.”

“Wancan na ƙarshe mahaihina na.”

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya taso muka fito tare. Mai fenti yana da sauri, ya riga ya iso wurin Baba da tsaninsa, yana ta leƙe hagu da dama, burushi na ɗiga.

“Ranka shi daɗe, wanga ba shi da huska. Ina za ni shahwawa?”

Shugaban ya daɗe yana duban bayan nan. “Bar shi,” ya ce. “Wanga ya riga mu.”

Haka bangon ya koma: gari guda na marasa fuska suna sauraron rediyo, da mutum ɗaya cikakke yana shiga ruwa. Na tsaya a wurin ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Taurin kan da na yi shekaru ina jin haushinsa shi ya bar mini shi. Ban yi wa shugaban godiya ba, ban kuma yi masa faɗa ba. Me zan ce, alhali da Baba yana raye bayansa zai goya? Jar fitila ta kama, na shiga na karanta labarai.

Bayan wasu shekaru aka gama sabon gida a hanyar fita gari, gilashi da tayil, in wuta ta ɗauke ka dahu a ciki kamar dankali. Aka kwashe injuna da kujeru, aka bar tsohon da jemagunsa. Ina dab da ritaya aka faɗa mana a taro, tsakanin maganar hutu da maganar motar ma'aikata, cewa za a rushe shi a yi shaguna. Na bi ofis-ofis. Kowa ya karɓe ni da mutunci, ya ce Hajiya ai gaskiyarki, ya ba ni ruwan sanyi, ya tura ni gaba. Wani injiniya ya zo don kunyata, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce ƙasa ce, in aka yanka ta zubewa za ta yi ta zama gari, yanzu ma fentin ne ke riƙe da ita. Mai zanen ya riga ya rasu, balle in je in kai masa kuka. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya yi mata magani. Na daina neman a bar ginin. Abu ɗaya ya rage mini, Inna ta gan shi kafin katafila ta zo.

Na shiga mota na tafi Argungu. Na same ta a tsakar gida, ta tsufa ƙwarai, ba ta tafiya sai da sanda, amma idonta ras. Aka gaisa, aka ci abinci, na jira. Ta kalli randa.

“Ginin naku na nan?”

“Shina nan, Inna. Amma cikin satin ga za a rushe shi.”

Ta ci gaba da kallon randa. Na riga na shirya roƙona tun a mota, amma da na buɗe baki sai na ji ba ni da ƙarfinsa. Na yi shi sau da yawa, na san amsar. Na yi ta ba ta labari kawai, yadda aka kwashe kaya, yadda ciyawa ta fito a rufi, yadda aka shafe fuskokin mutanen bangon tuntuni. Ban taɓa gaya mata wannan ba. Sai ta juyo.

“An shahe su?”

“Duka. Shi kaɗai anka bari.”

“Ma'aikatan hwa?”

“Sun tashi, Inna. Ba kowa sai maigadi, shi ma bakin titi shika zama.”

“Ba kowa,” ta maimaita. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. “To. Amma da sahe za mu. In an hito masallaci.”

Na ce hantsi ya fi, kada sanyin safiya ya taɓa mata ƙafa. Ta ce da safe ta ce. Ban ƙara ba, don kada ta fasa. A ranar na taho da ita ta kwana a gidana.

Gari ya fara wayewa muka isa a keke mai ƙafa uku. Ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa ta ce, “Ludayin mi na wanga?” Na ce dogon labari ne. Ta tuɓe takalmanta a bakin zauren. Ban hana ta ba, ni ma na tuɓe nawa, karo na farko a duk shekarun da na yi a gidan. Ciki da ɗan duhu, haske na shigowa ta ƙofa da ta tsagar tulluwa, kashin jemage ya rufe ƙasa. Na nuna mata hannun dama na ce, “Ga shi nan, Inna.”

Ba ta duba ba. Ta wuce ni tana dogara sanda, kanta a ƙasa, ta bi ta gaban bangon tun daga wannan ƙarshe har wancan kamar ba komai a jikinsa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata yau ma haka za mu yi, na ɗauko tsohuwa tun daga Argungu ta zo ta kalli ƙasa. Ta isa ƙaramar ƙofar ciki, wadda ke kai wa ɗakin watsa shiri, ta shiga. Sai ta juyo. Ta jingina sandar, ta gyara mayafi, ta tsaya rabin jikinta a bayan bango. Daga nan ta ɗago kai.

Daga inda take tsaye, Baba yana dab da ƙofar waje, ya ba ta baya, homa a hannu, zai fita. Na bi ta ƙofar nan safe da yamma duk tsawon aikina, ban taɓa tsayawa na dube shi daga can ba.

Ta daɗe tana kallo. Ban taɓa ganin ta kalli wani abu haka ba, ba ƙiftawa, ba kunya. Na ja da baya na raɓe a kusurwa don kada ta tuna ina wurin.

“Shi na,” ta ce.

Sannan, da muryar nan mara ƙarfi wadda rabona da ji tun ina 'yar makaranta, ta ce, “A dawo lahiya.”

Ta ɗan jira, kamar yadda takan jira hannun nan ya ɗagu. Ni da na ci abinci da murya duk rayuwata, na nemi tawa na rasa. Na sa bakin mayafi na toshe bakina, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo shi gida.

Ta ɗauki sandarta ta fito, ta sa takalmanta da kanta, ba ta sake waiwayar bangon ba. A bakin titi ta ce in nemo mana mota, tana so ta isa gida kafin rana ta yi zafi.

Da katafila ta zo ban je ba. Maigadi ne ya ce mini ba ta sha wuya ba, turi ɗaya ta yi ginin ya zauna. Yanzu shagunan waya ne a wurin, da mai sayar da tayoyi. In hanya ta bi da ni ta can nakan kalli masu rake a ɗaya gefen.

Bayan an rushe na je Argungu na kwana. Aka gaisa, aka ci abinci, na zauna ina jiran tambayar, ina tunanin yadda zan amsa ta. Ba ta yi ta ba. Ta tambaye ni yara, ta tambaye ni gwiwa. Washegari, an fito masallaci, na ji motsi na leƙa. Ita ce ta bi ta ƙofar ciki, ta shiga zaure tana shara.